Rasuwar Yallaɓai, Amfilifayan da Ke Jiyar da Numfashi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwa biyu da suka rasa abin yi, Dakta mai kantin magani na bakin titi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtan bene na sama da na ƙasa, rasuwar babban amfilifayan falonsa, na'urar da ke ƙara wa kiɗa ƙarfi, wanda mutanen gida suka fi sani da Yallaɓai. Marigayin ya cika da yammacin Asabar, yana bakin aiki, a gaban baƙo, bayan doguwar jinya wadda mai shi ya yi ta ɗora wa wasu alhakinta.

Ga wanda bai san mai makokin ba, Dakta ba likita ba ne. Mutanen unguwa ne suka liƙa masa sunan saboda farar rigar da yake sawa a bayan kanta, shi kuma har yau bai samu sukunin gyara musu kuskuren ba. Ya kamata a ce shi da matarsa, Maman yara, suka fitar da wannan sanarwa tare. To amma ita tana kwance a asibiti da ciwon ƙirji, kuma likitan gaske ya ce ba zai sallame ta ta koma wancan falon yadda yake ba. Maganarta za ta zo a ƙasa, inda aka saba ajiye ta.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai sanyi, inda ake ɗaukar zafin jiki irin nasa a matsayin alheri. Ya shigo gidan tun yara suna firamare, cikin akwatin katako, a kafaɗar ƙarti huɗu, ɗaya daga cikinsu har yau ba ya sunkuyawa daidai. Dakta ya tsaya a kan matakala yana ba su umarni da murya mai rawa, irin rawar da muryarsa ba ta yi ba ranar da aka kawo ɗansa na fari daga asibiti. Ba irin kayan nan ba ne da ake raba su gida biyu, akwati ɗaya na zaɓar sauti da daidaita murya, ɗaya na ba shi ƙarfi, da waya a tsakaninsu. Yallaɓai ya haɗa ayyukan biyu a jiki ɗaya. Dakta yakan yi bayani cewa sauti kamar saƙon baka yake, duk bakin da ya ƙara bi sai ya ɗauko abin da ba a aike shi da shi ba, don haka gajeriyar hanya ta fi.

Farkon abin da za a shaide shi da shi nauyi ne. Dakta yakan ce amfilifayan da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya abin wasan yara ne, kuma a nan yana da gaskiya, sai dai yawan maimaitawa ya sa gaskiyar ta ginshi mutane. Rabin nauyin marigayin na taransifomarsa ne, wata naɗaɗɗiyar waya mai siffar gammo da ke zaune a tsakiyar cikinsa. A gefenta kafasitoci ne a jere, kowace ta kai gwangwanin madara, aikinsu su tara wuta su ajiye. Idan mai ganga ya kai duka ba zato, Yallaɓai ba ya tsayawa roƙon soket ɗin bango ya taimake shi. Daga abin da ya tara yake ɗiba nan take, dukan ya fito da cikarsa, ya daki ƙirjin mai sauraro, kofunan da ke cikin kabad su amsa.

Bai taɓa haɗa hagu da dama a tukunya ɗaya ba. Kowane ɓangare da wutarsa da hanyarsa, don kada abin da ake faɗa wa lasifikar dama ya tsallaka kunnen ta hagu. Saboda haka in ka zauna a tsakiya ka rufe ido, sai ka ji mawaƙiya a tsaye a gabanka, makaɗi a bayanta ta dama, har kana iya nuna inda kowa ya ajiye ƙafarsa. Dakta ya nuna wa baƙi masu yawa wurin, can kusa da kwandon shara, kuma dukansu sun gyaɗa kai, domin shayin da ke hannunsu nasa ne.

Marigayin ba mai cika baki ba ne. Akwatunan masu kiɗan haya suna rubuta dubban wat a goshinsu da jan fenti, amma da an ɗan matsa musu sai murya ta shaƙe su hau kururuwa. Shi adadinsa kaɗan ne, sai dai abin da ya faɗa shi yake bayarwa, ga lasifika mai sauƙin kai da mai taurin kai duka. Ya iya riƙon lasifika kuma. In ya ce ta motsa sai ta motsa, in ya ce ta tsaya sai ta tsaya cak, babu gunagunin nan da ƙananan kaya ke ci gaba da yi bayan ganga ta yi shiru. Bai ƙara wa kowa gishiri ba, bai kuma rufa wa kowa asiri ba. Mawaƙin da ya yi waƙa da mura, da murarsa zai fito maka da shi, abin da ya sa Dakta ya daina gaisawa da rabin faya-fayansa.

Amma halin da mai makokin ya fi yi wa kuka shi ne shirunsa. Ƙananan na'urori ko ba sa cewa komai suna huci a ƙasa-ƙasa, sss, kamar tayar da ta taka ƙusa. Yallaɓai kuwa kana iya ƙure murya, ka manna kunnenka a jikin lasifika, ba za ka ji ko motsi ba, sai ka rantse an ɗauke wuta. A cikin wannan shirun ne ƙananan abubuwa suke samun wurin fitowa: yatsa yana zamewa a kan tsirkiya, kujerar makaɗi tana ɗan ƙara, leɓe yana rabuwa da leɓe. Akwai wani faifai na wata mawaƙiya wadda takan ja numfashi kafin ta shiga baiti na biyu. A rediyon mota ba a jin sa, a waya ba a jin sa. A bakin Yallaɓai kuwa sai ka ji iskar ta shiga ƙirjin matar kamar tana tsaye a kanka. In za a faɗi gaskiya, ba akwatin ƙarfe Dakta ya saya ba, wannan numfashin ya saya.

Aibi ɗaya aka san marigayin da shi, zafin jiki. Irin masu aikin nan ne da ba sa rage wuta ko ana kiɗa ko ba a yi, don kada sauti ya zo ya same su suna shiri. Abin da bai zama kiɗa ba sai ya zama zafi, ya fita ta haƙarƙarin ƙarfen da ke gefensa biyu. Idan aka kunna shi yakan yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ƙat, alamar ya amince a yi masa magana. Idan aka kashe shi sai jikinsa ya riƙa cewa tik, tik, yana hucewa a hankali. Wanda ya sayar da shi ya roƙi Dakta abu ɗaya tak, a bar masa iska. Dakta ya riƙe duk sauran bayanan mutumin, har da waɗanda bai yi ba.

Shirun na'ura ba shi da amfani a gidan da ke da surutu, don haka aka shiga gyaran gida. Firji ne ya fara tafiya. An kai shi lungun bayan kicin, aka kuma sa doka a riƙa kashe shi duk lokacin da Yallaɓai zai yi magana, ko da nama a ciki. Agogon bango ya bi bayansa. Fankar sama aka kwance ta, aka bar ƙugiyarta tana reto. Tagar da ke kallon titi aka rufe ta, aka cusa soso a duk wata kafa, aka sako mata labule mai kaurin bargo. Aka shimfiɗa kafet mai gashi daga bango zuwa bango, aka manna wa bangon soso mai kama da kwalin ƙwai. Falon ya zama wurin da in ka yi tafi, tafin a hannunka zai mutu. Da ƙura ta fara samun masauki a labule da kafet, Dakta bai yi ƙasa a gwiwa ba. Ya kira kafinta ya ƙera wa Yallaɓai kabad mai ƙofar gilashi, rufaffe ta kowane gefe, don kada ko ƙwayar ƙura ta taɓa shi.

Sharar falon kuwa Maman yara kaɗai aka amince wa, saboda an shaide ta da sanyin hannu. Injin shara haramun ne, yana ɓata wutar gida. Da tsintsiya take bin kafet ɗin, a durƙushe, ƙofa a rufe, taga a rufe, ta kakkaɓe labule, ta goge soso ɗaya bayan ɗaya. Ƙurar da aka hana ta taɓa Yallaɓai dole ta samu inda za ta shiga, ta kuma samu.

Sai yatsa. Duk wanda ya taɓa shiga gidan ya san yatsan nan. Dakta yakan zauna a kujera ɗaya tilo da aka auna mata wuri a tsakanin lasifikun, ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ɗaga manuniyarsa sama. Da yatsan ya tashi, cokali ya tsaya a iska, ƙafa ta tsaya a inda ta sauka. 'Yarsa ce ta raɗa wa marigayin suna tun tana ƙarama, don ta lura shi kaɗai ne a gidan ba a katse wa magana. Yau tana ɗakin mijinta, kuma har yanzu da raɗa take amsa waya, har mijin ya taɓa zargin akwai abin da take ɓoye masa. Ɗan kuwa, ƙato mai gemu, yana tafiya a ofis a kan yatsun ƙafa, abokan aikinsa suna tsorata in suka waiwaya suka gan shi.

Babban maƙiyin marigayin a shekarunsa na ƙarshe shi ne tarin Maman yara. A nan ya kamata a yaba wa ƙwarewar Dakta. A kanti, mutum na shigowa ya yi tari ɗaya, kafin ya buɗe baki Dakta ya riga ya san na sanyi ne, ko na ƙura, ko kuma irin wanda ake ce wa mai shi ya wuce asibiti yau ba gobe ba. Da kunnen nan ya yi suna. Amma a kanti tari ciniki ne, a gida kuwa hayaniya ne. Yakan ce mata, ido a rufe, cikin ladabi: "Maman yara, don Allah in za ki yi, ki ɗan bari a gama wannan." Ba za a ce bai kula ba. Ya kawo mata maganin tari daga kanti, kwalba bayan kwalba, mai tsada ma, sai dai bai taɓa tsayawa ya saurari tarin da yake yi wa maganin ba.

Ita kuwa mace ce mai fahimta. Ta koyi shiga banɗaki ta buɗe famfo. Ta koyi cusa fuska a filo. Daga baya ta haddace faya-fayan mijinta fiye da shi, ta san daidai inda ganga ke shigowa da ƙarfi, sai ta riƙe tarinta har wurin, ta sake shi tare da makaɗi. Dakta ya taɓa gaya wa abokinsa cewa a kwanan nan gangar faifan nan ta ƙara wani irin kauri, kuma ya danganta abin da sabuwar wayar lasifika da ya saya.

Jinyar marigayin ta fara ne daga hagu. Muryar wancan ɓangaren ta riƙa ja da baya, mawaƙiyar ta bar tsakiyar falo ta fara matsawa dama, har ta kusa shiga kwandon shara. Sai wani ɗan gurnani ya shigo, mmm, a ƙarƙashin kowace waƙa. Sai wari, irin na robar da ta kusanci wuta. Dakta ya zargi masu ba da wuta. Ya zargi mai walda na ƙarshen layi. Ya zargi firji, wanda yake a kashe. Ya kira amininsa Injiniya, wanda shi ma irin wannan ciwon ke damunsa a nasa gidan, suka yi shawara ta masana. Suka canza wayoyi. Suka ɗaga wayoyin daga ƙasa suka ɗora su a kan 'yan guntayen katako. Suka matsar da lasifika faɗin yatsa biyu, suka saurara, suka maida ita. Duk wannan aiki sun yi shi suna zufa sharkaf a gaban ƙofar gilashin nan, wadda ko taɓa ta ba ka iya yi don zafi, kuma babu wanda ya yi tunanin buɗe ta.

Ranar Asabar ɗin Injiniya ya zo jin wata sabuwar wayar lasifika. Dakta ya yi abin da bai cika yi ba, ya ba shi aron rabin kujera. Aka sa faifan mawaƙiyar. Baiti na farko ya wuce lafiya. Ana dab da wurin numfashin, Dakta ya ɗaga yatsa. Sai Yallaɓai ya ce ƙat, ba irin ƙat ɗinsa na gaisuwa ba, wani siririn hayaƙi ya taso a bayan gilashi, 'yar fitilar goshinsa ta mutu. Injiniya ya ga abin da ya faru. Dakta kuwa idonsa a rufe yake, yatsansa a sama, yana jiran numfashi.

Numfashin kuwa ya zo. Dogo, mai nauyi, ana jan sa da ƙyar, da wani ɗan fito a ƙarshensa. Fuskar Dakta ta washe da murna.

Ya ce cikin raɗa: "Ka ji ko, Injiniya? Ka ji wayar nan? Har da ɗan fito a ƙarshe. Wallahi ban taɓa jin wannan ba sai yau."

Injiniya ya ce: "Dakta, buɗe idonka. Na'urar ta mutu. Wannan daga bayanmu yake fitowa."

Maman yara ce a tsaye a bakin ƙofa da farantin shayi a hannu. Ta shigo ta tarar da yatsa a sama, ta tsaya kamar yadda ta saba, tana riƙe da tarinta tana jiran ganga, ganga kuwa ba ta zo ba. Kofuna suna rawa a kan farantin, leɓenta ya canza launi. Dakta ya juyo yana kallonta, yatsan har lokacin bai sauka ba, don ya manta da shi. A karo na farko cikin shekaru ya ji ƙirjin matarsa ba tare da kiɗa a kai ba, kuma kunnen nan nasa na kanti ya gaya masa wane iri ne. Irin na yau ba gobe ba ne. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa sani ba, ya miƙe ya karɓi farantin ya ajiye shi a kan lasifikar dama, wurin da ko hula ba a taɓa yarda a ajiye ba.

A asibiti likita ya sa mata abin shaƙar iska, ya saurari bayanta, sannan ya juyo ya tambayi Dakta tun yaushe take haka. Mutumin da zai iya gaya maka watan da gurnanin hagu ya fara, bai san watan da tarin matarsa ya fara ba. Ita ce ta janye abin daga fuskarta ta amsa masa.

Ta ce: "Bai daɗe ba, likita. Kwanan nan ne."

Likitan ya dube ta, ya dubi mijin, bai ce ƙarya take yi ba. Ya dai ce wannan ƙirjin ya daɗe yana shan ƙura a wurin da babu iska, za ta samu sauƙi in Allah ya yarda, amma in ta koma inda ta fito, nan za ta dawo, kuma ba lallai a kan ƙafafunta ba. Kunya ta rufe Dakta. Ya so a ce likitan ya zage shi, da ya fi masa sauƙi a kan wannan rufin asirin da ta yi masa.

An gudanar da binciken gawa a gida, saboda nauyin mamacin. Mai gyaran rediyo na bayan tasha ya zo ya kwance murfi, aka tarar kafasitocin hagu sun kumbura, ɗaya ta fashe ta zubar da abin cikinta. Ya ce zafi ne ya dafa shi a hankali, bai samu iska ba. Dakta bai yi gardama ba, domin ya riga ya ji wannan jumlar a asibiti. Mai gyaran ya ƙara da cewa abin ba na mutuwa ba ne, taransifoma lafiyarta lau, in an sa sababbin kafasitoci Yallaɓai zai tashi ya fi da. Injiniya ma ya ce ya san inda ake samun na asali.

Kada wani ya ce Dakta bai so ba. Ya so ƙwarai. Ya daɗe a tsaye da hannunsa a kan haƙarƙarin ƙarfen, wanda a karo na farko ya ji shi da sanyi, yana lissafin yadda za a yi a raba gardama: a gyara shi, a buɗe taga, kowa ya sha iska. Amma Dakta ya san halin Dakta. Ya san babur na farko da zai wuce a tsakiyar baiti, zai tashi ya tura tagar, na yau kawai. Gobe labule ya dawo. Jibi yatsa ya tashi da kansa. Ya ce wa mai gyara ya maida murfin, ya ɗaure dukan kusoshin.

Marigayin ya bar tagwayen lasifika, dogaye, kyawawa, waɗanda tun ranar suke tsaye suna kallon kujera babu mai ba su umarni, ta dama da zanen gindin faranti a kanta. Ya bar na'urar faifai, wadda ta ci gaba da juya waƙar har ƙarshe ba ta san babu mai ji ba. Ya bar wayoyi masu kaurin tiyon ban ruwa, waɗanda aka ɗora wa laifi aka kuma wanke su sau da yawa, da sitabilaiza mai daidaita wuta da ta rantse ba ta da hannu, kuma bincike ya gaskata ta. Ya bar aminin gida, Injiniya, wanda aka ce da ya koma gida ranar ya tsaya a ƙofar kicin ɗinsa yana tambayar matarsa lafiyarta, har ta tsorata ta tambaye shi abin da ya aikata. Firji da agogo da fanka sun karɓi labarin rasuwar da juriya mai ban mamaki. Firjin ma tun ranar yake ta waƙa.

Shi mai makokin yana can gefen gado a ɗakin mata na asibiti, a kan kujerar roba. Masu jinya sun ce ya matsar da ita gaba, ya matsar da ita baya, har ya samu daidai wurin da ake jin ƙirjin mara lafiya sosai, ya zauna ya karkata kai. Ya ɗaga wa wata nas yatsa sau ɗaya, ta nuna masa cewa nan ba falonsa ba ne. Fiton yana raguwa, shi ne ya fara sanar da likita, kuma likitan ya duba ya ce haka ne. Da rana tsaka tari ya tashe ta daga barci. Kafin ta gama farkawa hannunta ya riga ya jawo filo ya toshe bakinta, ta yi abinta a ciki, sannan ta ɗago ido ta gan shi a kanta, kai a karkace.

Ta ce: "Yi haƙuri, Dakta. Na katse ka?"

Ya zare filon daga hannunta ya sa a bayanta, ya fita baranda ya tsaya yana kallon motoci, har mai shara ta zo ta ce ya ɗan matsa.

Za a yi jana'izar marigayin da safiyar Laraba, kafin a sallamo Maman yara. Za a goge shi da busasshen tsumma, a maida shi akwatin katakon da ya zo a ciki, wanda Dakta ya adana a saman kabad ɗin tufafi duk shekarun nan. Ana neman ƙarti huɗu masu lafiyar baya, wanda bayansa ya lalace a farkon zuwansa an yafe masa. Kafet da labule da soson bango za su riga shi sauka, su kuma babu mai raka su. Makwancinsa shi ne kanta ta sama a shagon mai gyaran rediyo, kusa da taga, inda a ƙarshe zai samu iskar da aka roƙa masa. Ba a buƙatar yi masa addu'a, ƙarfe ne. Mai addu'a ya juya ta wajen Maman yara, Allah ya ba ta lafiya.

Za a karɓi gaisuwa a falon daga yammacin ranar, taga a buɗe, fanka tana juyawa, firji a kunne. Ana roƙon masu zuwa su taho da yaransu, kada kowa ya kashe wayarsa, kada kuma a yi raɗa. Kujerar tsakiya an ba uwar gidan, kada baƙo ya zauna a kai. Duk wanda tari ya kama a wurin, ya yi abinsa a fili, ba sai ya nemi banɗaki ba. Mai makokin ya ce yana so ya ji.